Muciyar Rahamatou da Sakin Layi na Goma Sha Huɗu

Duk wanda ya zauna a Sabha a shekarun nan da aka cika bangon gari da taswirar Afirka, ana ta shelar cewa ƙasar nan gidan kowane ɗan Afirka ce, zai tuna wani dogon mutum siriri a kan baƙin keke, da jakar fata ɗaure a bayansa. Alasan ke nan, mutumin wani ƙauye da ke gabas da Tanut a Nijar. Larabawa suna kiransa Hasan. 'Yan uwansa 'yan Nijar kuwa Minista suke ce masa don tsokana, saboda kullum cikin takardun gwamnati yake, alhali ko kujera ba shi da ita a ofishin da yake wa aiki.

Ya zo Libiya ne kamar kowa, a saman babbar mota, ya sauka da leɓe a tsattsage, ya yi shekara biyu yana ɗaukar bulo a unguwar Sukra. Abin da ya raba shi da bulo shi ne Larabcin da ya koya a zauren wani malami a Damagaram. Wata rana aka kai su gyaran katangar wani ƙaramin ofishi na lardi, sai shugaban wurin, Ustaz Miftah, ya ji shi yana karanta wa abokan aikinsa abin da ke rubuce a jikin ƙofa. Ya kira shi, ya miƙa masa wata takarda, Alasan ya karance ta ba gargada. Washegari aka ba shi tsintsiya da butar shayi da keke.

Aikin ofishin nan ba shi da wuyar fahimta. Idan manya za su ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa kan ciniki ko shige da fice, sai a aiko da daftarin daga Tarabulus zuwa larduna, a ce kowane lardi ya faɗi ra'ayinsa cikin kwana arba'in. Ustaz Miftah zai sa a buga kwafi, a kai wa masu kula da noma, da kwastan, da likitocin dabbobi, da ƙungiyar direbobi, da 'yan kasuwa, kowa ya rubuto abin da yake so da wanda ba ya so. Sannan ya zauna da alƙalami biyu, shuɗi da ja. Abin da wani ya nema, ya ja masa shuɗin layi a ƙasa. Abin da ba wanda ya tanka a kansa, ya soke shi da ja, ya rubuta a gefe cewa ba a buƙata. Daga nan a haɗa rahoto guda, a buga hatimi, a mayar wa masu shi.

Alasan ne ƙafafun wannan aiki. Ya san cewa mutumin kwastan ba ya amsa takarda sai an je sau uku. Ya san likitan dabbobi a gonarsa ake samunsa, shugaban direbobi kuwa sai an karanta masa don ya ce gilashinsa ya ɓace, kuma shekara huɗu gilashin nan bai dawo ba. Yana tsayawa a inuwa ya karanta duk abin da aka ba shi ya kai, ba don gulma ba, sai don ba shi da wanda zai yi hira da shi a hanya.

A unguwar Abdulkafi yake kwana, a wani ɗaki da ke bayan gidan wani tsohon direba. Katifa ce, da risho, da rediyo mai cin kaset, shi ke nan. Ya bar matarsa Rahamatou a gida wata bakwai bayan aurensu, kuma cikin shekara shida sau ɗaya ya koma, ya tarar da 'yarsu Djamila har tana gudu. Sunan yarinyar ba ya fita daga bakinsa, tunda 'yar fari ce. Sunan uwar ma haka. In ya zama dole sai ya ce “mutanen gida”. Komawa gaba ɗaya ba ta yiwuwa, don damina uku a jere ba a cika rumbu ba a ƙauyensu, gida biyu ne ke ci daga guminsa. Kawo matarsa ba takarda kuwa ya rantse ba zai yi ba. Ya ga yadda ake sauke mata a shingen hanya, ya ga yadda ake kwashe mutane a zuba a mota idan iska ta juya.

Kaset ne wasiƙarsu. Yakan ɗauki muryarsa ya ba direban da zai yi kudu, bayan wata biyu ko uku amsa ta zo. To amma kaset ba na mutum biyu ba ne, a tsakar gida ake kunna shi, kowa yana ji. Don haka sai ya gaishe da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gero da awaki, a ƙarshe ya ce yana gaida sauran mutanen gida. A kaset ɗin amsa ma haka, kowa ya yi dogon bayani, can dab da ƙarewa a ji muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, “Muna lafiya. Allah shi kiyaye.” Wannan gutsuren ya mayar da shi baya ya sake ji har zaren ya fara ja. Kewa tana cin mutumin nan ba kaɗan ba, musamman ranar Juma'a da yamma, lokacin da makwabta Larabawa ke fita da iyalansu, unguwa ta yi tsit.

A shekararsa ta bakwai wani daftari ya iso, na wata yarjejeniyar ciniki da zirga-zirga da ƙasashen kudu. Alasan ya tsaya gindin wani dabino a hanyar ofishin noma yana karantawa kamar yadda ya saba. Tumaki, dabino, taliya, lasisin direbobi. Da ya kai sakin layi na goma sha huɗu sai ya sauka daga keken gaba ɗaya. An rubuta cewa ma'aikacin da ya yi shekara uku a ƙasa yana iya kawo matarsa da 'ya'yansa da takarda guda, a ba su izinin zama tare da shi. A gefe an sa ƙaramin rubutu: ana son jin ra'ayin Sabha musamman, don nan ne ma'aikatan kudu suka fi yawa.

Ya karanta sau huɗu. Sannan hankalinsa ya tashi, don ya san alƙalamin nan ja. Mutumin kwastan ba ruwansa da matar kowa, likitan dabbobi balle. In ba wanda ya tanka, sokewa za a yi. Da ya kai wa Ustaz Miftah shayi sai ya ƙi fita.

“Ustaz, wannan na goma sha huɗun, wa za a tambaya?”

Ustaz ya duba ya ɗaga kafaɗa. “Ma'aikatan nan ba su da ƙungiya, ya Hasan. Wa zan rubuta wa?”

“In na tara su fa?”

Ustaz Miftah mutum ne mai son ƙa'ida kamar ransa, amma ba mugu ba ne. Ya yi ɗan tunani ya ce, “Tara su. Taro ɗaya, a farfajiyar nan, kai ne tafinta. Abin da suka faɗa da bakinsu a gabana shi zan rubuta, kowa ya dangwala yatsa. Abin da ba su faɗa ba, ba ni da shi.”

Mako uku Alasan bai huta ba. Ya bi wuraren gini a Sukra, ya bi bakin titin da masu jiran aikin yini ke zama da shebur, ya shiga gonaki. Duk wanda ya ja gefe ya karanta masa sakin layin, sai ka ga idonsa ya canza. Wani magini mai suna Younoussa ya riƙe masa hannu ya ce, “Minista, in wannan ta tabbata, wallahi rago zan yanka. Shekara biyar ina cin tuwon hannuna, har na manta miya tana da ɗanɗano.” Wani kuwa ya juya baya yana goge fuska da rawani.

Cikin wannan zumuɗin ne ya sayi wani shuɗin akwati na mata, ya ba direba ba tare da kaset ba, ba komai a ciki. Ya sayi farar ƙasa ya shafe ɗakinsa, ya rataya labule a ƙofa. Rahamatou ba ta yi boko ba, amma ta karanta akwatin nan tsaf. Direban da ya dawo daga baya ya miƙa masa wani dogon abu naɗe cikin tsohon zane. Muciyarta ce ta tuƙa tuwo, bakinta ya cinye don aiki. Mace ba ta rabuwa da muciyarta sai in tana bin bayanta. Alasan ya kafa ƙusa ya rataye ta a bangon da ke kallon katifarsa.

Saura mutum ɗaya a gayyata. A Zighan, ƙauyen dabino da ke wajen Samnu, akwai Baba Saley, wanda ya fi kowane ɗan Nijar daɗewa a yankin, shekara ashirin yana hawan dabinon wani Balarabe. Ba a taron 'yan Nijar ba tare da shi ba, yin haka rashin tarbiyya ne. Kuma Baba Saley ƙanen mahaifin Rahamatou ne, wato surukin Alasan ne na sosai. Ya shiga motar haya ya je, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce ana neman manya a biro, wato ofishinsu, ranar Juma'a kan maganar hanya da ciniki. Maganar mata ko kusa da ita bai je ba, ina zai iya? Tsohon ya ce in Allah ya kai mu.

A nan ne fa Minista ya yi ɓaramɓarama. Mutumin da ya san ta inda kowace takarda ke bi a garin Sabha ya manta yadda mutanensa suke. Mu ba ɗaiɗai muke zuwa ci-rani ba, ƙauye ne ke kwasowa: wa da ƙane, kawu da ɗan 'yar uwarsa, suruki da mijin 'yarsa. Shi da hannunsa ya shimfiɗa darduma a gaba ya zaunar da dattawa, ya jera sauran a bayansu, yana jin daɗin yadda taron ya yi kyau.

Mutum arba'in da uku suka zo bayan la'asar. Ustaz Miftah yana karantawa da Larabci, Alasan yana mayarwa da Hausa. Kan tumaki, sai da aka tsawatar don kowa yana son magana. Kan shingayen hanya, wani direba ya miƙe ya ce, “Daga nan zuwa iyaka sau tara ake sauke kamyo, babbar motar kaya, duwan ta kwastan ta duba, jandarma shi duba, wanda ba a san ko wane ne ba shi ma shi duba!” Aka yi dariya, alƙalami shuɗi yana ta aiki. Alasan ya ji zuciyarsa ta yi fari, ya ce a ransa mutanen nan yau bakinsu a buɗe yake.

Sai aka zo na goma sha huɗu. Ya fassara shi a hankali, kalma bayan kalma. Farfajiyar ta yi tsit. Younoussa mai rago ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa, don yayan matarsa na zaune a gabansa. Wani ya yi tari. Wasu samari a baya suka ƙunshe dariya. A ce namiji ya miƙe gaban kawunsa da surukinsa ya ce yana son a kawo masa matarsa, ai gara ƙasa ta tsage ya shige.

Da shirun ya yi yawa, aka zuba wa babba ido. Baba Saley ya gyara zama ya ce, “Mu nema muka zo. Iyali suna hannun Allah da hannun iyayensu. Sai godiya.”

Alasan ya mayar da wannan da Larabci da bakinsa. Ustaz Miftah ya ɗaga kai da mamaki, ya dubi taron, sannan ya dubi tafintansa.

“Kai fa, ya Hasan? Kana da mata a can. Kana so ta zo?”

Baba Saley yana jin Larabci sarai, shekara ashirin ba wasa ba ce. Yana zaune taku uku daga inda Alasan yake tsaye. Alasan ya kafa ido a kan bakin darduma, wurin da zare ya fara warwarewa.

“Abin da babba ya faɗa shi ne,” ya ce.

Ustaz ya ajiye shuɗi ya ɗauki ja. Aka wuce na goma sha biyar, hayaniya ta dawo. Da aka tashi, kowa ya dangwala yatsa, Alasan ne ma ya riƙa zagayawa da tawadar. Ba wanda ya dubi idon wani a bakin ƙofa.

Da safe ya kai shayi ya sake ƙin fita. Ya ce wa Ustaz duk mutanen nan suna so, kowa ya gaya masa a gefe.

“To me ya hana su faɗa? Kai me ya hana ka? Na tambaye ka da sunanka.”

“Surukina yana wurin, Ustaz.”

“Ai shi ya fi cancanta ya ji! Ba 'yarsa ba ce?”

Duk Larabcin da Alasan ya sani bai ishe shi bayyana wannan ba. Ya roƙi a sake taro, na samari kaɗai. Ustaz ya nuna masa kalanda, ranar ce ta talatin da tara. Ya nuna masa takardar yatsu. “Ga arba'in da uku, ga naka na arba'in da huɗu. In na rubuta abin da ba a faɗa a taro ba, na yi ƙarya, kuma alhakin a wuyana yake. Ka yi haƙuri, ya Hasan.” Ya liƙe ambulan ya buga hatimi. Alasan ne ya sa shi a jakar fata ya kai gidan waya a kan kekensa, kuma bai tsaya a gindin kowane dabino ba.

Bayan wata takwas kwafin ƙarshe ya iso. Sakin layi na goma sha huɗu yana nan, amma yanzu magana yake kan allurar rigakafin raƙuma. Ba wanda zai rantse cewa jan layin Sabha kaɗai ne ya kashe wancan, manya suna da dalilansu da ba sa aiko wa larduna. Amma Alasan bai taɓa shakka ba. Ya ci gaba da kai takardu, sai dai ya daina karanta su. 'Yan uwansa suka daina ce masa Minista ba tare da an yi shawara ba, Younoussa kuwa in ya hango keken sai ya canza hanya. Kaset ya ci gaba da zuwa. Rahamatou ba ta taɓa tayar da maganar akwati ba, shi ma bai taɓa ambatar muciya ba.

Shekara biyu bayan haka gwiwoyin Baba Saley suka ƙi hawan dabino, ya haɗa kayansa zai koma gida gaba ɗaya. Motar kudu ba za ta tashi ba sai bayan azahar, don haka ya biyo ta Abdulkafi ya jira, karo na farko da ya taka ɗakin mijin 'yarsa. Alasan ya shimfiɗa masa katifa, shi ya durƙusa a bakin ƙofa yana haɗa shayi. Tsohon ya dubi farar ƙasar da ta fara ɓarewa, ya dubi labule, sannan idonsa ya tsaya a bango.

“Waccan ni na sassaƙa ta,” ya ce. “Icen aduwa ne. Shekarar da na je gida ana shirin kai Rahamatou ɗaki.”

Alasan ya ci gaba da haɗa shayi.

“Malam Alasan, tunda tafiya zan yi, bari in tambaye ka. Ran nan a biro, mi ya hana ka magana?”

“Baba, ai kun riga kun yi magana.”

“Ni uba ne. Da wane baki zan tashi gaban jama'a in ce a kai ɗiyata ɗakin namiji? Na faɗi abin da ya kamaci babba shi faɗa. Jira nike ka ce, Baba ya yi gaskiya, amma. Da ka ce amma, da na yi shiru, yaran nan duka su biyo bayanka. Sau uku ina dubanka. Har kai na ɗaga maka.”

Ruwan shayin ya tafaso ya zube a kan risho, Alasan bai motsa ba. Bai ga duban nan ko ɗaya ba. Tun da ya auri Rahamatou bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskar mutumin nan ba, kuma ranar taron ma bakin darduma yake kallo, kamar yadda aka koya masa. Abin da ya iya cewa shi ne, “Haka ne, Baba.”

Da aka ji odar mota daga bakin titi sai tsohon ya dafa bango ya miƙe.

“An ce mini da muciyar aro ɗiyata take tuƙi tun shekarar nan,” ya ce. “In kai mata abinta?”

Alasan ya tashi ya sauke muciyar daga ƙusa. Ya ɗauko tsohon zanen da ta zo a ciki, wanda yake ajiye ƙarƙashin matashinsa, ya naɗe ta yadda aka naɗo ta, ya miƙa da hannu biyu, kansa a sunkuye. Ya ɗauki jakar tsohon ya raka shi har mota, ya tsaya har ta sha kwana. Da ya dawo ɗaki bai cire ƙusar ba, kuma bai rataya komai a kanta ba har ƙarshen shekara shidan da ya ƙara yi a Sabha.